Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Da Za Ta Riƙa Auna Kuran Ɗin Gidanka Dare Da Rana

Wata hajiya mai sayar da ƙanƙara a unguwarmu, nan Yamai, ta kira ni a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma ƙanƙara ke tsada. Injin firigonta ya ƙone sau biyu cikin shekara guda. Masu gyara biyu sun zo kafin ni, kowannensu ya soka ƴar mitarsa a soket da hantsi, ya ga 220, ya ce wuta lafiya lau. Ta ce mini, "Ɗana, in wutar lafiya take, mene ne ke cin injin nan? Aljanu?" Na ce, "Hajiya, su da rana suka auna. Bari mu sa abin da zai kwana yana kallo."

Abin da na haɗa mata shi zan koya maka a nan. Ba wani abu mai wuya ba ne: allon Arduino Uno (wata ƴar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa shiri), sansa guda biyu masu auna wuta, katin ajiya, da ɗan lissafi. Amma tun daga farko ka riƙe wannan: lambar da ta fito a allo ba ta zama gaskiya don kawai inji ne ya faɗe ta. Tiyar da gindinta ya lotsa ita ma tana cika, sai dai hatsin bai kai ba. Rabin aikin nan haɗa waya ne, ɗaya rabin kuwa tabbatar da cewa tiyarka daidai take.

Me ake aunawa tukuna?

Kuran ɗin da ke shigo mana gida, wato wutar lantarki, ko na kamfanin NIGELEC ne ko na gurup (janareta), ba ya tafiya hanya ɗaya kamar na batir. Kai da komowa yake yi, sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira haz 50. Zagaye ɗaya ke nan yana ɗaukar milisakan 20. Cikin wannan ɗan lokaci ƙarfin yana tashi daga sifili ya kai kusan bolt 311, ya sauko, ya nutsa zuwa 311 ta ɗaya gefen, ya dawo. To ina 220 ɗin? Ita wani irin matsakaici ne da ake kira RMS: ƙarfin da, in da wutar batir ce, zai ba da zafi daidai da wanda wannan mai kai da komowa ke bayarwa. In igiyar mai santsi ce, ka raba 311 da 1.414, ka samu 220.

Nan ne mitoci masu araha ke yaudarar mutane. Yawancinsu ba sa lissafin RMS na gaskiya. Matsakaicin igiyar suke ɗauka su ninka da 1.11, bisa zaton igiyar mai santsi ce. In ka auna wutar inbata mai araha, wadda igiyarta ke da kusurwa kamar matakalar bene, sai lambar ta kauce. A igiya mai kusurwa huɗu cif, irin wannan mita tana ƙara kashi 11 cikin 100. Don haka mitar da za ka riƙa gwada na'urarka da ita, ka nemi wadda aka rubuta True RMS a jikinta, kuma mai alamar CAT III, wato matakin tsaro na aiki a wayoyin gida. In ba ka da ita, ara. Yini ɗaya ya isa.

Kafin ka taɓa waya

Kada ka kusanci mitar kamfani ko hatiminta. Duk aikinka bayan makatsar wutar gida zai kasance. Ka kashe makatsar kafin ka buɗe akwati, ka gwada da mita ka ga babu wuta, sannan ka sa hannu. Takalmin roba a ƙafa, ƙasa a bushe. Miliamfa 30 kacal, in ta ratsa ƙirji, ta isa ta jefa rai cikin haɗari, shi ya sa makatsar tsaro ta gida ke yankewa a wannan adadi. In ba ka taɓa aikin waya ba, ɓangaren 220 ɗin ka bar wa wanda ya iya, kai ka tsaya a ɓangaren bolt 5.

Mataki na farko: sansar amfa

Don auna yawan wutar da ke gudana, wato amfa, na fi son SCT-013. Kamar baki take, tana buɗewa ka rungumo waya da ita ka rufe, ba sai ka yanke komai ba. Ƙaramar taransifoma ce: wayar gidan ita ce naɗi ɗaya, cikin sansar kuma akwai naɗi 2000. Samfurin SCT-013-000 in amfa 100 ta bi ta wayar, miliamfa 50 yake fitarwa.

Waya ɗaya tak za ka rungumo, mai wuta ko ta komowa. In ka haɗa biyun a baki ɗaya, maganaɗisun ɗaya yana soke na ɗaya, ka ga sifili, ka yi ta zagin mai shago a banza. Kusan duk ɗalibin da na koya wa ya taɓa faɗawa wannan rami.

Arduino ba ya karanta amfa, bolt yake karantawa. Saboda haka sai ka ɗora rezista (ɗan abin da ke turje wa wuta, da om ake auna shi) tsakanin wayoyi biyu na sansar don ta mayar da miliamfa zuwa bolt. Ga lissafin: miliamfa 50 ƙololuwarta 70.7 ce. Ka ninka da om 33, ka samu bolt 2.33. Ya shiga cikin 2.5 da muke da ita a kowane gefe, wato rabin bolt 5 da Arduino ke karɓa. Shi ya sa za ka ga om 33 a yawancin zane-zane.

Amma tsaya. Gidanka yana jan amfa 100? Da wuya. Kuma ga illar zaɓen babban awo: Arduino Uno yana raba bolt 5 gida 1024, kowane taki milibolt 4.9 ke nan. Da om 33, taki ɗaya yana daidai da kusan amfa 0.3, wato abin da ya kai wat 65. Ƙwan fitila mai wat 10 zai ɓace a ciki kamar allura a rairayi. Wanda zai auna gishirin miya ba ya ɗauko sikelin buhu. In gidan bai wuce amfa 30 ba, sa om 100: ƙololuwa bolt 2.12, taki ɗaya kusan amfa 0.1. Ko ka sayi SCT-013-030, wadda rezistarta ke ciki tun daga kamfani, tana ba da bolt 1 a amfa 30. Akwai kuma wata dabara in ƙaramin abu kake aunawa: naɗa wayar sau biyar ta cikin bakin sansar, karatun zai ninku biyar, sai ka raba a lissafi.

Gargaɗi ɗaya: kada ka bar sansa irin wannan a maƙale kan waya mai aiki alhali ba rezista a bakinta. Taransifomar amfa in an bar ta a buɗe tana iya tayar da ƙarfi mai yawa. Rezista tukuna, sannan maƙalawa.

Saura matsalar gefen ƙasa. Ƙafar Arduino, wato inda ake soka masa waya, daga bolt 0 zuwa 5 take karɓa, ba ta son abin da ya yi ƙasa da sifili, igiyarmu kuwa rabinta a can take. Magani shi ne a ɗaga ta. Jera rezista biyu masu kilo-om 10 tsakanin bolt 5 da ƙasa (ƙafar GND, wato bolt sifili), tsakiyarsu zai ba ka 2.5. Sa kafasita (ƴar ma'ajiyar caji) mai maikurofarad 10 daga tsakiyar zuwa ƙasa don wurin ya tsaya cak. Waya ɗaya ta sansar ta zauna a wannan tsakiya, ɗayar ta tafi ƙafar A1. Yanzu igiyar tana lilo a kewayen 2.5.

Mataki na biyu: sansar bolt

Hanya biyu ce. Ko ɗan allon ZMPT101B, mai ƙaramar taransifoma da ke raba ka da 220, ko tsohuwar adafta mai nauyi wadda ke fitar da bolt 9 mai kai da komowa, ka rage shi da rezista ka ɗaga shi zuwa 2.5 kamar ɗazu. Cajar waya ta zamani ba ta wannan aiki, domin an gina ta ne ta fitar da bolt 5 ko wutar ta hau ko ta sauka.

A jikin ZMPT101B akwai ɗan sukurun saiti. Haɗa fitarsa da A0, buɗe Serial Plotter a manhajar Arduino, ka kalli igiyar. In samanta ya baje kamar an yanke da wuƙa, ta yi yawa, juya sukurun har ta zagaye. Ka bar mata sarari, don ranar da wuta za ta haura 240 kada ta buga rufi. In ka gama, ɗiga ɗan manne a kan sukurun.

Mataki na uku: sau nawa za a leƙa?

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne mafi yawan ayyukan ɗalibai ke rushewa. Arduino ba ya kallon igiya a jere. Leƙawa yake yi, ya ɗebi lamba, ya sake leƙawa. Mutumin da ba ya zuwa wani ƙauye sai ranar kasuwa zai rantse garin kullum cike yake da jama'a. Haka in ka riƙa ɗiba sau ɗaya duk milisakan 20, a wuri guda na igiyar za ka riƙa faɗawa, sai ka ga layi miƙe kamar wutar batir. In ka ɗan kauce kaɗan, ka ga wata igiya mai tafiyar hawainiya wadda babu ita a duniya. Irinsa ne ke sa ka ga fanka a bidiyo tana juyawa baya.

Ƙa'idar da ke hana wannan tana ɗauke da sunan Harry Nyquist, wanda ya yi rubutu a kai a 1928, da Claude Shannon da ya tabbatar da ita a 1949: saurin ɗiba dole ya wuce ninki biyu na mafi saurin igiyar da ke cikin siginar. Wani zai ce to haz 50 ce, ɗiba 101 a daƙiƙa ya isa. A'a. Cajar waya, talabijin, ƙwayayen LED da kwamfuta ba sa shan wuta a hankali, fizga suke yi a ƙololuwa, kuma wannan fizgar tana haifar da ƴaƴan igiya a haz 150, 250, 350 har sama. In kana son ka kama su, sai ka ɗiba aƙalla sau 2000 a daƙiƙa.

Uno zai iya. Karatu ɗaya yana cin kusan maikurosakan 104, wato kimanin 9600 a daƙiƙa, a raba wa ƙafa biyu, a cire lokacin lissafi. Abin da ke kashe saurin shi ne ka sa umarnin delay ko Serial.print a tsakiyar zagayen ɗiba. Ɗebi duka tukuna, ka yi magana daga baya. Kuma kada lambar 16-bit ta ruɗe ka ka sayi ADS1115, wani ɗan allo mai karanta bolt dalla-dalla fiye da Uno, don wannan aiki: iyakarta ɗiba 860 a daƙiƙa. Ta yi kyau ga batirin sola, ba ga igiyar kuran ba.

Don toshe abin da ya fi ƙarfin ɗibarka, sa ƴar matata kafin ƙafar: rezista kilo-om 1 a jere, kafasita nanofarad 100 zuwa ƙasa. Tana fara rage duk abin da ya haura kusan haz 1600. Ka sa iri ɗaya a ƙafafu biyun, domin tana jinkirta igiyar kusan digiri 1.8 cikin 360 na zagaye ɗaya, kuma gara jinkirin ya zama ɗaya a duka.

Tsawon ɗiba kuma cikakkun zagaye ne, ba rabi ba. Ƙa'idar duniya ta auna ingancin wuta, IEC 61000-4-30, zagaye 10 take ɗauka a haz 50, milisakan 200 ke nan. Ni ba na dogara da agogo a nan. Ƙirga nake yi sau nawa igiyar bolt ta ratsa tsakiya, saboda gurup ba ya tsayawa a 50 daidai, yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa.

Mataki na huɗu: lissafin

A kowane leƙe kana da lamba biyu, ta bolt da ta amfa. Cire tsakiyar daga kowacce. Kada ka rubuta 512, wato rabin 1024, kai tsaye, domin rezistoci biyu ba sa zama tagwaye cif. Bari shirin ya fitar da matsakaicin karatun da kansa ya cire. Sai ka ninka kowace lamba da kanta, ka tara, ka raba da yawan leƙen, ka ɗauki saiwar murabba'i. RMS ke nan. Sannan ka ninka da lambar saiti: ga SCT-013-000, 2000 a raba da rezistarka, wato 60.6 ga om 33, ko 20 ga om 100.

Wat na gaskiya kuwa ba bolt RMS sau amfa RMS ba ne. Wannan VA ake kiransa. Don samun wat, a kowane leƙe ninka bolt na wannan lokacin da amfa na wannan lokacin, ka tara, ka fitar da matsakaici. Dutsen guga da butar lantarki wat ɗinsu da VA kusan ɗaya ne. Injin firigo, fanka da famfon ruwa kuwa amfarsu tana biyo bayan bolt a makare, sai wat ya gaza VA. Raba wat da VA, ka samu ma'aunin da ke nuna kashi nawa na wutar ke yin aiki. Mai sayen inbata ko gurup VA ya kamata ya duba.

Akwai wani ɗan ɓoyayyen kuskure. Uno ba ya karanta ƙafa biyu lokaci guda, tsakaninsu akwai maikurosakan 104 ɗin nan, kusan digiri 1.9 na zagaye. A dutsen guga ba ka ma lura. Amma a injin da amfarsa ta makara da digiri 60, kaucewar digiri 2 tana sauya wat da kusan kashi 6 cikin 100. Laburaren EmonLib na OpenEnergyMonitor, wani shiri da aka riga aka rubuta wa Arduino, yana da lambar gyara wannan, kuma ya riga ya ƙunshi duk lissafin da na zayyana. Yi amfani da shi, amma shawarata ka rubuta naka sau ɗaya da hannunka. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ko na makarantar injiniyoyi ta EMIG da zai tsaya gaban malamai yana kare aikinsa, in aka tambaye shi daga ina 60.6 ta fito ya yi shiru, an gama da shi.

Mataki na biyar: gwada tiyar

Kashe komai a gidan, ka ga abin da na'urar ke faɗa. Ba za ta ce sifili ba, za ta nuna ɗan wani abu, hayaniyar lantarki ce. Rubuta shi. Duk karatun da bai wuce wannan ba, kada ka gina magana a kansa.

Sai ka kunna butar lantarki. Mai wat 2000 a bolt 220 tana jan kusan amfa 9.1. Amma kada ka yi saiti da abin da aka rubuta a gindinta, domin in wutar ta sauka zuwa 200, butar wat 1650 kawai za ta ci. Maƙala mitar aro a waya ɗaya da sansarka, ka karanta su tare. In mitar ta ce 9.0 taka ta ce 8.5, ninka lambar saitinka da 9.0 bisa 8.5. Haka za ka yi wa bolt. Sannan ka gyara lambar jinkiri har wat da VA na butar su yi kusan daidai. Maimaita da ƙaramin kaya da babba. In ta dace a amfa 9 ta kauce a amfa 1, ka san iyakar na'urarka ke nan.

Abin da ya fi ba ni wahala a farkon koyona shi ne wannan: Uno yana auna komai ne bisa bolt 5 da ake ciyar da shi. Na yi saiti a kan kwamfuta, na mayar da allon kan wata caja da ke ba da 4.7, duk lambobina suka haura da kusan kashi 6 cikin 100. Kwana biyu ina neman laifin a sansa. Yi saiti da ainihin abin da zai riƙa ciyar da allon, kuma ya zama mai tsayayyen ƙarfi.

Game da rawar lambobi: in ka haɗa karatu 16 ka ɗauki matsakaici, rawar tana raguwa ninki huɗu. In kuma wata lamba ce ke yin tsalle jefi-jefi, jera karatu biyar daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. Sai dai matsakaici ba ya gyara saitin da ya karkace, kuma yana haɗiye abin da kake farauta. Tashin injin firigo bai cika kai daƙiƙa ɗaya ba. In ka narkar da shi cikin matsakaicin minti goma, ya tafi.

Mataki na shida: ajiya

Don haka duk daƙiƙa 10 ka rubuta abu uku na bolt da na amfa: mafi ƙanƙanta, mafi girma, da matsakaici. Ƙara agogon DS3231 mai ɗan batirinsa, da allon katin SD, kowane layi ya fara da kwanan wata da lokaci, waƙafi tsakanin lambobi don Excel ya buɗe. Ciyar da na'urar daga batir, domin lokacin ɗaukewar wuta da dawowarta shi ne ya fi komai muhimmanci. In da hali ƙara sansar zafi DS18B20, wadda kuskurenta bai wuce rabin digiri ba, ka manna ta a jikin injin. Akwatin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu, kuma nesa da kwanon rufi. Wanda ke son ganin ƴaƴan igiyar ɗaya bayan ɗaya sai ya tura ɗanyen karatun zuwa kwamfuta ya yi masa FFT a can, wato lissafin da ke rarraba igiya zuwa ƴaƴanta, don ƙwaƙwalwar aiki ta Uno kilobayit 2 ce kawai. Ɗibar milisakan 200 tana rarrabe igiyoyin da ke da tazarar haz 5.

Bar ta mako guda. Abin da za ka fara nema a zanen shi ne lokutan da bolt ya fita daga 198 zuwa 242, wato kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa da 220. Sannan ka dubi amfa a daidai wannan lokaci. In bolt ya faɗi amfarka ba ta motsa ba, daga waje abin ya zo. In kuwa duk sanda amfarka ta yi tsalle bolt ya durƙusa, laifin yana cikin gida.

Na Hajiya na biyun ne. Ɗakin ƙanƙarar yana can ƙarshen gida, an ja masa waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 har tsawon mita 40, zuwa da dawowa 80. Tagulla mai wannan kauri da tsawo tana da turjiyar kusan om 0.93, kowace amfa 10 tana cinye bolt 9 a hanya. Da dare, in firigo uku suka tashi kusan tare, kowanne yana fizgar ninkin abin da ya saba ja, sai ƙarfin ya zube, injin ya yi ta gurnani bai juya ba, yana zafi. Ga kuma wani mahaɗi da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ya yi baƙi. Muka sauya wayar zuwa mai 4, muka ɗaure mahaɗin da sukuru, muka sa wa kowane firigo na'urar jinkiri don kada su tashi tare bayan an maido wuta. Na mayar da na'urar na ƙara mata mako ɗaya a wurin, don a gwada zanen farko da na biyu.